Ta Koma Hayin Gada, Lasisina Bai Bi Ta Ba

Zuwa ga Dakta Ardis,

Don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Talata. Ranar ce zan sake zama da matar da zan ba ki labarinta, kuma har yanzu ban san ko in kunna kwamfuta ko in bar ta a kashe ba.

Aikina sauraron masu damuwa da firgici ne a nan Duluth, shekara goma sha tara ke nan. Ba yabon kai ba, na san aikina. Ko takardar gargaɗi hukumar lasisi ta jiharmu, Minnesota, ba ta taɓa aiko mini ba. Ni ce ma mai tsare sababbin shiga ina yi musu faɗa a kan rubuta bayanai. To yau ga ni, ni ce na tafka abin kunya.

Akwai wata dattijuwa, bari in kira ta Marlys, ba sunanta ba ne. Shekara uku muna tare. Wata shekara da sanyi motarsu ta zame a kan babbar gada, mijinta ya rasu nan take, ita ta fita da rai. Tun daga ranar, ko hoton gada ta gani sai numfashinta ya sarƙe. Da muka fara, sau biyu ta ce mini ta gaji da duniya. Yanzu kuwa har dariya take yi, ta koma saƙa, ta koma coci. Ta bidiyo muke ganawa duk Talata da ƙarfe goma na safe, don ba ta tuƙi.

Kin san ƙa'idarmu: kafin a fara zama, a tambayi mutum inda yake a daidai lokacin, a rubuta. Shekara biyu ina tambayarta, amsar ɗaya ce, har ta fara tsokanata, wai ko ina tsammanin ta tsallaka Hawaii ne tsakanin Talata da Talata. Sai na ji nauyi na daina. Na ci gaba da kwafe tsohon adireshinta a bayanaina da takardun inshora, hankalina kwance.

Talatar da ta wuce muna cikin magana, kyanwa ta ɗane bargon da yake rataye a bayanta 'yan makonnin nan, ya zamo ƙasa. Sai ga taga. Ta tagar nan na hango tudun Duluth gaba ɗayansa, gidaje jere a hayin ruwa. Duk ɗan garin nan ya san wanda ke cikin Duluth ba ya ganin Duluth haka, sai wanda ke garin Superior, hayin gada, a jihar Wisconsin. Nan take na tambaye ta ko a can take.

Ba ta yi musu ba. Ta ce gwiwa ta matsa mata, ta sayar da gidan, 'yarta Tonya ta ɗauke ta. A kujerar baya ta kwanta, rigar sanyi lulluɓe da kanta, har suka haye gadar. Sati bakwai ke nan. Ita da kanta ta sa aka rataya bargon don kada in gane, domin ta karanta takardar da ta sa wa hannu tun farko, ta san lasisina bai wuce iyakar jiha ba. Abin da ta faɗa daga baya shi ya hana ni sukuni: "Na san in na gaya miki za ki sallame ni. Ni kuwa ba ni da ƙarfin da zan sake ba wani baƙo labarin ranar nan tun daga farko."

Na kai maganar wurin Gordy, wanda muke ofis ɗaya da shi. Yana shan miyarsa ko cokali bai ajiye ba, ya ce in rufe bakina, mil nawa ne tsakani, rabin mutanen can ma a nan suke aiki. Da ya ga na haɗe rai, sai ya ce to in gaya mata ta tuƙo ta ƙetaro, ta faka a filin kanti, mu yi zaman tana cikin mota, kamar yadda wasu ke yi. Saura kaɗan in watsa masa kofi. Matar da ba ta iya kallon gada zan ce wa ta tuƙo a kanta?

Raina a ɓace yake da ita, a ɓace yake da kaina, amma ba na jin na cuce ta, don sati bakwan nan sun yi mata amfani. In na yi shiru, ba mai sani. In na yi magana, ina tsoron lasisin da nake ci da 'ya'yana da shi, ina kuma tsoron ta koma gidan jiya. Shin in bi ta Gordy?

Mai Sauraro a Bakin Tafki

Amsa:

'Yar'uwa Mai Sauraro,

Kada ki bi ta Gordy. Ki bar shi da miyarsa.

Na yarda kin san aikinki, wasiƙarki ta nuna. Mace ta tashi daga gajiya da duniya ta koma saƙa da dariya, wannan ba da ka ake yinsa ba. Gordy ma ba duka ya yi ƙarya ba. Ni kaina na sha jin haushin dokar da ke raba unguwa biyu don ruwa ya ratsa tsakaninsu. Amma haushi daban, lasisi daban. Abin da ake dubawa shi ne inda mai zuwa wurinki take zaune lokacin da kuke magana, ba inda kujerarki take ba. Sati bakwai kin yi cikin rashin sani. Na takwas kuwa, in kika yi shi, da saninki ne, kuma shi ne wanda zai iya cin lasisinki.

Ga abin da za ki yi, kuma tun gobe da safe. Ki kira kamfanin da ke yi miki inshorar aiki, ki nemi lauyansu, ki faɗa masa komai yadda kika faɗa mini, har da daina tambayar. Shi zai gaya miki yadda za ki gyara takardun da suka tafi da tsohon adireshi, da ko akwai wanda ya kamata ki sanar. Kada ki taɓa bayanan da kika riga kika rubuta. Ki ƙara sabon rubutu da kwanan watan yau, ki ce ga abin da kika gano. A sanina da masu zama a hukumomin nan, wanda ya kawo kansa ya fi samun sauƙi a kan wanda aka tono.

Sannan ki tuntuɓi hukumar Wisconsin ki tambaye su kai tsaye: akwai izinin wucin gadi ga irin lasisinki, ko wata yarjejeniya tsakanin jihohi da ta shafe ki? Kada ki dogara da abin da aka ji a taro bara, dokokin nan suna canzawa. Ko me suka ce, ki cike takardar neman lasisinsu. Mai aiki a bakin iyaka irinki, ai tuni ya kamata a ce kina da biyu.

Ita kuma Marlys, ba sallamarta za ki yi ba, kuma ki fara gaya mata haka kafin komai. Ki kira ta kafin Talata, gajeren kira na shirya abin da zai biyo baya, bayan kin ji ta bakin lauyan. Ki samo abokiyar aiki mai lasisi a can da za ta riƙe ta na ɗan lokaci. Da izininta, ke za ki ba waccan labarin ranar haɗarin, ba ita ba. Kin ga abin da take tsoro ya kau. Ki kuma tambaye ta ko za ta yarda Tonya ta riƙa kawo ta ofishinki. Ta taɓa hayewa sau ɗaya, ko da a kwance ne. Kada ki matsa mata, amma kada ki yanke mata hukuncin ba za ta iya ba.

Kada ki riƙe ta a rai. Ba raina ki ta yi ba, gudun rabuwa da ke ne. Sai dai ki daina cewa in kin yi shiru ba abin da zai faru. Wannan tambayar da kika ji nauyin yi ba don hukuma kaɗai aka sa ta ba. Da a cikin sati bakwan nan Marlys ta faɗi a gaban idonki, ko ta sake cewa ta gaji da duniya ta kashe kwamfuta, da kin ɗauki waya kin tura motar asibiti da gudu zuwa gidan da ta riga ta sayar. Su buga ƙofa, baƙi su buɗe musu, ita tana can hayin ruwa ita kaɗai.

Don haka ki koma tambayar kowa, duk zama, ko da shekara goma kuka yi tare, ko da sun yi miki dariya. Allah ya tsare miki lasisinki, ya ba Marlys lafiya da ƙarfin zuciya.

Dakta Ardis