Mindar da nake ratayawa ba tawa ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da masu karanta wannan shafi na shawara. Don girman Allah kada ka buga sunana, ka ce wani tsohon soja ne daga ƙasar Faskari, ya isa. Da hannuna na rubuta, shi ya sa za ka ga layin yana hawa yana gangara. Bara waccan na gama ajin yaƙi da jahilci, kuma ban yarda in kai wa mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ba, don bakinsa ba shi da linzami. Ina roƙon masu karatu su kai ƙarshe kafin su zage ni. Ranar kasuwa mai zuwa wata tsohuwa za ta zo ta tambaye ni yadda ɗanta ya mutu a yaƙi. An gaya mata a gabana aka yi, ni kuwa ko kusa da wurin ban je ba.

Mu biyu muka shiga soja rana ɗaya, ni da wani da zan kira Tanko, mutumin wajen Yargoje. Aka kai mu yaƙin Turawa a ƙasar Bama, can ƙetaren teku. Shi aka ba shi bindiga, ni aka ba ni alfadarai. Yaƙina ke nan, yankan ciyawa, ɗaure kaya, kwance kaya, shan shuri. Ban ce ban sha wuya ba, ruwan sama ya dake ni, matsattsaku sun sha jinina, amma ban taɓa ganin abokin gaba ba sai wanda aka kamo a ɗaure. Tanko kuwa, ran da aka rutsa da su a bakin wani kogi, shi ya saɓi Baturensu da aka harba ya tsallake ruwa da shi ana ta ɓarin wuta. Da aka gama yaƙi kowa ya sami lambarsa, irin tauraron nan na tagulla da aka ba mu duka har da mai wanke tukwane. Shi aka ƙara masa wata ta azurfa mai nauyi, ta jarumtaka. Mu soja minda muke ce mata.

Tanko bai dawo yadda ya tafi ba. Ba ya shiga taro, in aka yi tsawa sai ya kwanta rub da ciki, mutane suka ce Bama ta taɓa shi. Ya koma tufkar igiya yana kaiwa kasuwanni. Wata rana ya iske ni a gona da ƙunshin tsumma, ya ce, "Riƙe mani wagga. 'Yan'uwana na son kai ta ga maƙeri a yi ma matansu zobba." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kamar a hannunsa take. Ajiya ce ya ba ni, amana, ba kyauta ba. Wannan na sani tun ranar, kada wani ya nema mini uzuri.

Shekara biyu tana kwance a ƙasan akwatina. Sai aka yi shelar ana neman mai gadi a fulotin auduga na Daudawa, inda ake awo da saye, kuma tsohon soja ake so. Mun fi ashirin a layi, kowa da taurarinsa a ƙirji. Baturen gona yana wucewa, ko kallon taurarin ba ya yi, ya gaji da ganinsu. Ni kuwa da zan fito gida Shaiɗan ya ce mini, me zai hana ka ari mindar Tanko ta yini ɗaya? Da Baturen ya zo kaina sai ya tsaya cik, ya dubi azurfar, ya ƙame, ya sara mini. Bature ya sara wa ɗan alfadarai a gaban jama'a! Wallahi har yau in na tuna sai in ji daɗi, kuma wannan daɗin shi ne abin da ya fi ba ni kunya. Aka ba ni aikin. Na ce gobe zan mayar da ita akwati. Amma kafin goben labari ya zaga gari, kowa yana tambaya me na yi Bature ya sara mini. Me zan ce musu? Sai na ba su labarin Tanko, na cire sunansa na sa nawa. Tun daga ranar ake ce mini Saje, ni da ko igiya ɗaya ta muƙamin soja ban taɓa ɗaurawa a hannu ba. In ana suna a gaba ake shimfiɗa mini, in makwabta sun yi rigimar iyakar gona ni ake kira. Shekara tara ke nan.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ai minda ta zama banza, don haka ba wani abu na sata ba. Kuma ku faɗi gaskiya, ƙarya na yi? Da idona na ga lambobin yaƙi a faifan ɗan koli a Funtua, haɗe da allurai da maɓallai. Na ga mai wasa da kura ya jera uku a warkinsa. Na ga wadda aka rataya wa rago a wuya don ado. Wani da muka hau jirgin ruwa tare, lambobinsa biyar, yanzu dako yake a tasha. Da muka dawo, in mun shigo kasuwa ana ba mu hanya, yau kuwa in mun wuce sai a bi mu da lefrai lefrai irin na fareti ana dariya. Ɗan bajon da 'yan siyasa suke maƙalawa a riga ya fi buɗe ƙofa yanzu. To guntun ƙarfe ne na riƙe, wa na kashe? Amma in banza ce, me ya sa kowace Juma'a nake goge ta da toka da lemon tsami? Me ya sa duk ran da na ce zan mayar sai ƙafata ta yi nauyi?

Karatun boko shi ya fara hana ni sakat. Ran da na iya haɗa baƙaƙe, ina cikin goge ta, sai na lura ashe zanen da ke gefenta, wanda shekara da shekaru nake ɗauka ado ne, rubutu ne. Sunan Tanko ne da lambarsa ta soja. Wato duk shekarun nan ina yawo da sunan mai kaya a ƙirjina, ina nuna wa duniya! Sai na tuna malamin awo na fuloti ya taɓa karɓarta ya jujjuya, ya ce, "Saje, wagga azurhwa ce tsantsa?" ya yi murmushi ya miƙo mini. Murmushin me? Ya karanta ne ya yi shiru? Wa ya gaya wa? Tun daga nan ban ƙara yarda da gaisuwar kowa ba. In an ce "Saje" da ƙarfi sai in ji kamar ba'a ce, in an faɗa a hankali sai in ce an sani. Liman ya yi wa'azi a kan cin amana, na rantse sau biyu ya dubi inda nake. Har matata, in ta ce in ba baƙi labarin kogi, sai in tsura mata ido in ga ko gwada ni take yi.

Ana haka na je kasuwar Kankara. Aka zagaye ni a rumfar mai shayi, aka ce Saje a ba mu labari. Na ɗauko, na zo daidai inda na saɓi Bature a kafaɗar dama, sai na ji murya a bayana ta ce, "Ta hagu ce." Na waiwaya, Tanko ne tsugune da igiyoyinsa, bai ko ɗago kai ba. Mutane suka kwashe da dariya, wani ya ce rabu da shi, taɓaɓɓe ne. Jama'a, ni ma na yi dariyar. Na yi wa mai mindar dariya da mindarsa a ƙirjina. Bai ƙara cewa uffan ba, ya ci kasuwarsa ya tafi. Shirun nan ya fi zagi damuna. Mutumin da aka yi wa haka ya yi shiru, ai yana da abin da yake shiryawa.

Makon jiya wani falke mai kawo zuma daga Sabuwa ya yi sallama da ni a fuloti. Ya ce wata tsohuwa a ƙauyensu ta aiko shi. Ɗanta Mamman ya tafi Bama bai dawo ba, takarda kawai aka kawo cewa ya rasu. Kwanan baya ta sami labari wai wanda ya tsallake kogi da Bature shi ne ya ga ɗanta na ƙarshe, kuma an ce mata mutumin yana Daudawa. Ya ce, "Idonta ya yi rauni, Saje, amma ta ce ko bisa jaki sai ta taho. Ba ta son komi, ta ji dai mi ya ce kahin ya cika." Na ce Allah ya kawo ta lafiya. Wa ya kai mata labari bayan shekara goma sha ɗaya? Wa ya san ƙauyensu in ba wanda ya zauna rami ɗaya da ɗanta ba?

Washegari na buga sammako zuwa Yargoje. Na iske Tanko a gindin tsamiya yana tufka. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Kai ka turo mani tsohuwar ga?"

Ya ce, "Wace tsohuwa?"

Na gaya masa. Ya ci gaba da murza ramarsa. Can ya ce, "Su biyu ne kwance bakin ruwan. Bature bai ko motsi. Mamman ko shina da rai sarai, ya riƙe mani ƙahwa, shina kiran sunana. Anka ce in ɗauki Bature. Na ɓamɓare hannun Mamman, na ce mashi ina dawowa. Ban dawo ba. Shi ne sunka ba ni azurhwa."

Ban taɓa jin wannan ba. Shekara tara ina ba da labarin kogi, ban san akwai mutum na biyu a bakinsa ba. Na ciro mindar, na ce ga ajiyarka, ka yafe mini. Bai ko dube ta ba. Ya ce, "Mai da abinka aljihu, Saje. Kowa ya ci ladan kuturu, shi ka yi mashi aski."

Haka na juyo da ita. Har yanzu ban sani ba, shi ya turo tsohuwar don ya rama, ko kuwa Allah ne ya ga lokaci ya yi. In na zauna a gaban tsohuwar nan na ce ɗanta ya cika da kalmar shahada a hannuna, na yi wa uwa ƙarya a kan gawar ɗanta, wannan kuwa ta fi duk ƙaryar da na yi a baya. In na gaya mata abin da Tanko ya faɗa a matsayin ni ne, to na amsa cewa ni na ɓamɓare hannun ɗanta daga ƙafata, ta tafi kabari tana tsine mini a kan abin da ban yi ba. In na ce ba ni ba ne, aikina ya tafi, 'ya'yana sun zama 'ya'yan maƙaryaci, kuma dole in nuna mata hanyar Yargoje, in kai ta gaban mutumin da tsawa ma take kayar da shi ƙasa. Falken ya ce tuni ta sa an daka mini dawo na goron godiya, ta ƙulle a ƙwarya. Saura kwana huɗu kasuwa ta ci.

Jama'a, don Allah, me zan yi?