Tasar Inna Ta Tafi Hartum

Juma'a, 10 Maris 2023

Mun je Hartum, gidan tarihi na ƙasa, ni da matata Raliya da autarmu Ramla. Wai yau ranar iyali ce. Na tsufa ina koya wa 'ya'yan mutane tarihi a makarantar ƙauyenmu, amma 'yata ba ta taɓa ganin ko dutse ɗaya daga cikin waɗanda nake ba da labarinsu ba. Raliya ta yarda ta zo ne don na ce mata akwai inuwa da kujeru.

An baje tabarmi a lambu. Yara na ƙera shanu da yumɓu, wasu na koyon rubuta sunansu da haruffan mutanen da. Ramla ta ƙera wani abu ta ce sa ne. Na yi masa addu'ar samun sauƙi.

A ciki mun ga sarakunan dutse da tukwane da zanen tsoffin majami'u. Na yi ta bayani har waɗanda ban zo da su ba suka biyo ni. Muna fitowa Ramla ta tambaye ni, da Larabci kamar kullum: "Yaba, ina namu?" Na ce ai waɗannan ma namu ne, mu ma 'yan ƙasar nan ne. Ta ce ba haka ake ce mata a makaranta ba.

Mai kula da yaran, Ustaza Sabah, ta ji mu. Mace mai fara'a, yumɓu har a gilashinta. Ta ce bayan Sallah za su yi makon iyali, kowane gida ya ba da aron abu ɗaya na kakanni, a sa a akwatin gilashi, a rubuta sunan mutanensa a ƙasa. Kafin ta rufe baki na ce muna da tasa.

Raliya ta taka ƙafata. Na yi kamar ban ji ba.

Litinin, 20 Maris 2023

Tasar dai ta Inna ce, mahaifiyata. Tagulla, mai faɗi, da lotsa a gefe inda aka ce jaki ya taka a Wadai. Kakarta ta ɗauko ta a ka tun daga Sakkwato lokacin hijira, da niyyar Makka, aka ƙare a bakin kogin nan. Duk jaririn gidanmu cikinta ake yi masa wankan farko, duk macen gidanmu da ta rasu da ruwan cikinta ake yi mata na ƙarshe. Na sha faɗa cewa ba aya ba hadisi a wannan, tagulla tagulla ce.

Na zauna a bakin angarib ɗinta, gadonta na igiya, na yi bayani mai kyau. Ta saurara, ta ce: "Mutanen Hartum ba su da abin wanka?"

Na ce kallo za su yi.

"Su kalli mi? Tasa?"

Na ce za a rubuta sunanmu a ƙasa, Hausawan Jazira, kowa ya gani. Ta ce ita ta san sunanta. Sannan ta ce: "In na mutu kahin ta dawo fa, Ustaz?" Ustaz take ce mini in za ta yanke ni. Na ce wata biyu ne kawai. Ta ce ashe har littahin ajali an ba ni a jami'a.

Ramla ce ta gama maganar. Ta kwanta a cinyarta tana Haboba, Haboba, wato kaka, da 'yar Hausarta mai ɗingishi. Inna ta ce a kai, amma kada wani ya wanke ƙafa a ciki.

Alhamis, 6 Afrilu 2023

Na kai ta. Na riƙe ta a cinya a cikin bas tun daga garin Hajj Abdalla, da azumi a bakina, kowa na tambaya ko sayarwa zan yi. Ustaza Sabah ta karɓa da hannu biyu, ta shafa lotsar, ta tambayi labarin jakin. Na ba ta, har da ƙari.

Na dawo ina jin na yi wa Hausawan Sudan babban aiki. Abin da ya rage a yi mini gunki.

Asabar, 15 Afrilu 2023

Ana harbi a Hartum. An ce kwana biyu ne.

Juma'a, 21 Afrilu 2023

Sallah. Wayar Ustaza Sabah a kashe. Na je gaida Inna, ta amsa, ta miƙo mini dabino, ba ta tambaya ba. Gara ta tambaya.

Laraba, 9 Agusta 2023

Gidan ya cika da dangin da suka gudo daga Hartum. Waɗanda da suke zuwa su ce ruwanmu na tur'a, magudanar ban ruwan gona, bai shawuwa, yanzu har jarka suke riƙe wa juna a bakin tur'ar. Ɗakin littattafaina ya zama ɗakin kwanan mutum bakwai, wani yaro ya yi matashi da tarihin daular Sinnar. Ya fi ɗalibaina amfana da shi.

Matar ƙanena ta haihu jiya. An yi wankan a robar wanki, shuɗiya. Inna ba ta fito ba. Da na wuce ƙofarta ta ce, ba da ni take ba wai: "Ruwa a roba bai da murya."

Lahadi, 24 Disamba 2023

Birnin Madani ya faɗi hannun mayaƙa, mu ma mun tashi. Ba mu jira mu ga masu bindigar ba. Mun ɗora Inna a karo, jaki na ja, mu muna bi a ƙasa ta gefen hawasha, gonata, alkamar da ban shayar ba tana kallona. Yanzu muna Mai Wurno, gidan ɗan kawuna Sa'idu.

A hanya Inna ta ce kakarta ma haka ta zo, sai dai ita da tasarta a ka. Na duba ko dariya take. Ban gane ba.

Na karanta hijirori da yawa a littafi. Ba wanda ya rubuta cewa takalmi ke fara tsinkewa.

Juma'a, 6 Satumba 2024

Na daɗe ban rubuta ba. Me za a rubuta? Ƙasa ta ruɗe, hanya a toshe, gishiri ya zama labari.

Yau an samu intanet a kasuwa. Ana cewa an wawashe gidan tarihin, an loda kaya a manyan motoci. Na tsaya ina tunanin sarakunan dutse, mutum ya kamata ya yi baƙin cikinsu, ni malamin tarihi ne. Amma tasa kawai nake gani a bayan mota tana ƙara a kan gargada.

Inna ba lafiya tun farkon damina. Cikinta ne. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Matan gidan suka fara yi mata maganar haƙuri irin wadda ake yi wa mai shirin tafiya, ta kore su. Ta ce: "Ku adana hawayenku. Ba inda za ni sai tasata ta dawo. Ni ba a wanke ni a robar wanki."

Sa'idu ya ce mini in yi mata nasiha, ajali ba ya jiran tagulla. Na ce ya shiga ya yi da kansa. Bai shiga ba.

Juma'a, 14 Fabrairu 2025

Mun dawo gida. Ƙofofi babu, injin ban ruwa babu. Littattafaina suna nan, ba wanda ya ga darajar ɗaukarsu sai gara.

Inna ta kai. Ban yi zaton za ta kai ba. Mata uku da suka fi ta lafiya mun baro su a maƙabartar Mai Wurno.

Alhamis, 3 Afrilu 2025

An fara nuna hotunan gidan tarihin bayan an buɗe Hartum. Gilashi a farfashe, akwatuna wayam. Na yi ta ƙara girman hoto da yatsa ina leƙen lunguna, kamar wanda ya yar da allura. Ramla na bayana. Ta yi tsawo, ta daina tambaya. Ta ce, da Hausa wannan karon, zaman Mai Wurno ya gyara mata baki: "Yaba, ni na sa aka kai." Na ce ta je ta taya uwarta tuya.

Talata, 10 Yuni 2025

Baƙuwar lamba. Ustaza Sabah. Tana raye, tana Makwar wurin 'yar'uwarta.

Tasar na wurinta. Ta ce a daren da ya wuce kafin harbi ta tafi gida da kayan aron iyalai don ta rubuta musu bayani. Da za su gudu kowa ya ɗauki abu ɗaya, ita ta ɗauki tasa, don ana iya zuba gari a ciki. Tana ta ba ni haƙuri. Wayarta da ke da lambata an ƙwace a hanya, sai yanzu ta sami wani ɗan ƙauyenmu.

Na yi godiya. Na zauna a ƙasa. Ban faɗa wa kowa ba, ban san dalili ba.

Alhamis, 12 Yuni 2025

Na je Makwar na karɓo. Ustaza Sabah ta tsufa, gilashin ya tafi. Ta ce a tasar suka kwaɓa ƙullun kisra, a ciki ta yi wa 'ya'yanta wanka, kuma da mahaifinta ya rasu a hanya da ita aka zuba masa ruwa. Ta faɗa tana kallon ƙasa, tana jiran in yi fushi. Na ce ai aikinta ke nan tun Sakkwato. Ta ce ta rubuta katin da sunanmu, ya tsaya a kan tebur a Hartum. Ban tambayi abin da ta rubuta ba.

Tasar ta yi baƙi, ta ƙara lotsa guda. A cikin buhu na kawo ta. Na zo har ƙofar Inna, na ji tana tari, sai ƙafata ta wuce da ni ɗakin littattafai. Tasar tana bayan littattafan da gara ta rage.

Gobe zan ba ta. Sai an goge.

Juma'a, 27 Yuni 2025

Ina gogewa da toka da lemun tsami. Tagulla tana son haƙuri.

Raliya ta gani. Ta rufe ƙofa ta tsaya. Ta kira ni da sunan babbar 'yarmu, ta ce: "Abu Najwa, tun yaushe?" Na ce kwanan nan. Ta ce: "Kai ne fa mai cewa tagulla tagulla ce." Na ce har yanzu haka na ce. Ta ce to me take yi a bayan littattafai? Na ce bayan littattafai ba laima.

Likitan Hajj Abdalla ya ce a ba Inna duk abin da take so. Maganin da ke kwantar da ciwon babu shi ko a Madani. Da rana tana cije bakin mayafi don kada yara su ji. In na shiga takan ce: "Hanyar Hartum ta buɗe?" In ce saura kaɗan.

Asabar, 19 Yuli 2025

Najwa, babbar 'yata, ta haihu da hantsi. Mace. Jikata ta fari.

Ungozoma ta ce a kawo abin wanka. Raliya ta leƙo ta kalle ni. Ina zaune a rakuba, rumfar tsakar gida, taku kaɗan tsakanina da buhun. Na tsaya gyaran takalmi. Ta kalle ni har ta gaji, ta ɗauko robar.

Na ji ruwan yana zuba. Gaskiyar Inna, ba shi da murya.

Lahadi, 20 Yuli 2025

Na kai wa Inna jaririyar. Ta tofa mata addu'a, ta miƙa wa Raliya, ta ce kowa ya fita sai ni. Ta ce in ba ta hannuna. Na ɗauka tashi za ta yi. Sai ta kai shi hancinta.

"Wata guda hannunka na warin tagulla."

Na fara cewa famfon makaranta nake gyarawa. Ta ce: "Ni na goge ta tun ban kai Ramla ba. Toka da lemu." Ta jira ciwon ya wuce, ina riƙe da hannunta, ko ita ke riƙe da nawa. Sannan ta ce: "Ka hana ɗiyar Najwa wankanta. Wannan shi na ji haushi."

Na ce Inna, in na kawo...

Ta ce: "Na gaji, Jibirin."

Rabon da ta kira sunana tun ina ɗan makaranta. Na tashi na ɗauko. Ta ƙwanƙwasa gefen da zobenta, ta saurara, ta laluba sabuwar lotsar ta ce wannan kuma wane jaki ne. Na ba ta labarin Ustaza Sabah da mahaifinta. Ta ce Allah ya jiƙan shi, ashe tasar ba zaman banza ta yi ba.

Ta sa aka sake wa jaririyar wanka a gabanta. Ramla ce ta zuba ruwan.

Laraba, 23 Yuli 2025

Ta ce a ajiye tasar a ƙarƙashin angarib ɗinta, a bakin gado, inda mata za su gani ba sai sun nema ba. An ajiye.

Yau ta sha kunu cokali biyu. Ta sa Raliya ta fito da farin yadin da ke ƙasan akwati a shanya.

Da na shiga gaisuwar safe tana barci. Na durƙusa na tura tasar ciki, can jikin bango, inda sai mutum ya kwanta kafin hannunsa ya kai. Yara na yawan shiga ɗakin, kada su taka.

Da la'asar na tarar an jawo ta baki. Na sake turawa.