Sunan da Iya Ta Kasa Faɗa Gaban Mai Lofe

Tunga, Minna
Janairu, 1981

Zuwa ga Mai Sunan Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Ƙannenka Lailatu da Garba suna gaishe ka.

Ka duba rubutun nan da kyau, nawa ne. Wannan karon ba Malama Rebecca ta rubuta mini ba. Tun tafiyarka nake zuwa ajinta na yaƙi da jahilci, ina zama a bencin yara da furfurata, don na gaji da faɗa wa wani abin da ke cikina kafin ya iso gare ka. Bayan ambulan kaɗai take rubuta mini yanzu. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da muciya.

Sanyin Ingila da ka faɗa ya hana ni sukuni. Kana sa rigar ulun da na aika? Ka riƙa tambaya kafin ka ci nama.

Ka ce kana yawan zuwa gidan wani tsohon Bature mai jin Hausa, wanda ya yi aiki a ƙasarmu. Wane ne shi, me kake yi masa? Ban san dalili ba, amma hankalina bai kwanta da shi ba.

Ka ce bana karatun lauyan zai ƙare. Tun da Minna ta zama hedikwatar jiha ake ta gina ofisoshi har wajen Bosso, kuma maƙwabcinmu Baba Gimba ya ce ana neman masu irin karatunka. Na sa an sake rufin ɗakin marigayi babanka. Ka gama ka dawo.

Allah ya tsare.
Ni ce, Rabi'atu.

*

Landan
Maris, 1981

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na karanta rubutunki a tsaye a bakin ƙofa ko rigar sanyi ban cire ba. Allah ya saka wa Malama Rebecca.

Ki kwantar da hankalinki game da dattijon nan. Sunansa Mista Wenlock, ya haura tamanin, yana zaune shi kaɗai a bayan gari. Ya zo ƙasarmu yana saurayi, mataimakin Di'o a Zungeru, yana yawon ƙauyuka a kan doki. Ya yi Di'o a Kontagora da Bida. Can ya karanci shari'a, ya zama majistare, daga baya joji. Yana da taragonsa na kansa a jirgin ƙasa, a tsaya da shi Minna ya yi shari'a, a wuce da shi gaba. Matarsa ta rasu a can, a Zungeru aka binne ta, ba su haihu ba. Ya dawo gida gab da samun 'yancin kai. Ya ce mutanenmu Mai Lofe suke kiransa, don lofe ba ya barin bakinsa sai in ya hau kujerar shari'a.

Yana so ya rubuta tarihin rayuwarsa, idanunsa kuwa sun yi rauni, shi ne yake faɗa ina rubutawa. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, Inna, har "sannu kadai" yake ce mini. Ya ba ni ɗaki a gidansa. Ya kuma yi magana da wasu manyan lauyoyi a nan, sun ce in na so za su ɗauke ni aiki.

Ɗa ya ɗauke ni. "Mudi, zo ka ji. Mudi, ka ci abinci?" Wallahi a wata ɗaya na ji sunana a gidan nan fiye da yadda na ji shi a gidanmu tun haihuwata.

Ki gaishe da kowa.
Ɗanki, Mudi.

*

Tunga, Minna
Afrilu, 1981

Mai Sunan Yaya,

Gaisuwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka fita daga gidan nan.

Kullum muna ce muku yayana da aka sa maka sunansa ya rasu ne yana saurayi. Ya rasu, amma rataye shi aka yi. Mai Lofe ne ya yanke masa hukuncin, a nan Minna, bayan yaƙin Hitila, ina yarinya ban kai aure ba.

Yaya yana aikin zuba gawayi a jirgi. Aka kashe wani mai gadin sito na reluwe da rana tsaka, wasu suka ce sun ga mai tsayinsa yana gudu. Ran nan kuwa yana gida tun safe, yana gyara mana dangar da iska ta kayar. Ni nake miƙa masa igiya. An ce ni yarinya ce, ba a karɓar maganata.

Hannun da ya sa hannu a takardar hukuncin nan, shi yake miƙa maka abinci. Na kasa cin komai tun da Lailatu ta kawo wasiƙarka. Don girman Allah ka tattara kayanka.

Rabi'atu.

*

Landan
Yuni, 1981

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa. Na daɗe ban amsa ba don ban san ta inda zan fara ba. Me ya sa kuka ɓoye mini? Shekara nawa ina ɗauke da sunan mutum ban san ƙarshensa ba.

Na tambaye shi. Bai yi musu ba, ya tuna shari'ar sarai. Ya ce shaida ɗaya kawu yake da ita, mahaifiyarsa, wato Kaka Kyauta. Aka tsayar da ita aka ce, "Wannan ɗanki ne? Faɗi sunansa." Ta ja mayafi ta juya masa baya. Aka sake tambaya, ta ce, "Ɗan Goggo ne." Daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba. Ya ce wanda uwarsa ta ƙi tsaya masa, wa zai tsaya masa?

Na san abin da za ki ce, Inna. Kunyar ɗan fari ce. Ni ma Bahaushe ne, ba sai an koya mini ba. Amma igiya na jiran wuyan ɗanta, ta zaɓi kunya. Wannan na kasa haɗiyewa.

Kuma tunda an buɗe maganar bari in faɗi tawa. Ranar da zan taho, kowa ya zo tasha ya riƙe hannuna. Ke kika tsaya can bayan masu sayar da doya, kika juya baya har jirgi ya tashi. Ina leƙe ta taga ko za ki waiwayo. Da ni ne a gaban Mai Lofe, me za ki ce musu? Ɗan wa?

Na karɓi aikin. Zan riƙa aiko muku da abin da ya sawwaƙa. Ɗakin Baba a ba Garba.

Ki yafe mini in na yi kaushi.
Mudi.

*

Tunga, Minna
Yuli, 1981

Zuwa ga Mai Sunan Yaya,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon ka karanta wannan har ƙarshe. Na yi kwanaki ina rubuta ta, na yaga wasu.

Ka ce Iya ta zaɓa. Ba ka gan ta ba, ni na gan ta. Iya ba ta taɓa shiga ko ofishin dagaci ba. Aka kai ta ɗaki cike da maza, ga 'yan sanda, ga Bature can sama da jar riga da farin gashi na ƙarya a kansa. Tun a hanya take maimaita abin da ta zo faɗa: yana gida, yana gyaran danga, da hannuna na ba shi fura. Shi ta shirya. Ba wanda ya gaya mata za a fara da sunansa. Tafintan mutumin kudu ne, ya daka mata tsawa, "Mama, faɗi suna, joji yana jira!" Na ga leɓenta yana motsi, abin ya ƙi fita. Tun ranar suna ba ta taɓa furta shi ba. Harshen bai san hanyar ba. Yaya da kansa ya ce daga inda yake tsaye, "Ranka ya daɗe, ku tambaye ta ina nake ran nan, ku bar sunan." Aka ce ya yi shiru. Kafin ta dawo hayyacinta an ce ta sauka.

Da muka fito ta riƙe hannuna tana tambayata, "Yaushe za su kira ni in faɗi maganar dangar?" Ba ta san an gama ba.

Ranar da aka sa shi a jirgi aka tafi da shi inda za a rataye shi, ranar ta kira sunan. A tashar nan ta kira shi da ƙarfi, jirgi ya riga ya yi nisa. Daga nan ba ta daina ba. Takan bi layin dogo ba takalmi tana kiransa, sai matan Gwari masu dawowa da itace a kafaɗa su kamo hannunta su kawo mana ita. A haka ta rasu. Kai kana ciki lokacin. Da aka haife ka namiji, ni na roƙi babanka a mayar da sunan.

Zancen tasha kuma. Wurin da jirginka ya tsaya, nan na Yaya ya tsaya. Na juya baya ne don kada ka tafi da hoton fuskata a yadda take. Bayan kowa ya watse ina nan har aka yi la'asar, sai da Garba ya zo ya ja ni.

Abu ɗaya nake roƙo. Shekarun nan duka abin da nake riƙe da shi a raina shi ne Baturen nan bai sani ba. Baƙo ne, bai san yadda muke da 'ya'yan fari ba, ya ga uwa ta juya baya ya ɗauka ƙi ne. Ka zaunar da shi ka gaya masa. Ba na neman komai a wurinsa. Ina so dai kafin ya mutu ya san Iya ba ta ƙi ɗanta ba, ya sa haka a littafin nasa. In ya ji ya yi kuka, na yafe masa.

Garba ya ce ba zai shiga ɗakin ba. Ni ma ban ce ya shiga ba.

Allah ya yi maka albarka.
Rabi'atu.

*

Landan
Oktoba, 1981

Inna,

Gaisuwa. Na cika aikenki.

Na karanta masa wasiƙarki daga farko har ƙarshe, yana zaune gaban wuta da bargo a ƙafafunsa. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire lofen daga bakinsa ya ce, da Hausa, "Ai na sani, yaro."

Ya ce tun yana Kontagora ya san kunyar ɗan fari, har tambaya aka yi musu a kanta a jarrabawar Hausa, ya ci. Ya ce da ta ja mayafin ya gane. Na ce, to me ya hana ka sake tambayar ta wata hanya? Ya ce joji ba ya gyara wa shaida hanya, abin da aka faɗa a gabansa shi yake rubutawa. Ya ce da ya sassauta wa mace ɗaya saboda al'ada, gobe kowa da tasa zai zo. Ya ce kuma akwai shari'u da yawa ran nan, jirgin Kaduna na jiransa.

Na ce amma kai ka ce mini uwarsa ta ƙi tsaya masa. Ya ce haka yake a rubuce.

Bai yi kuka ba, Inna. Ya tambaye ni ko za mu ci gaba da babin Bida. Ya ce, "Mudi, ɗauko alƙalami." Ban taɓa jin sunana ya yi mini ɗaci haka ba.

Na bar gidan washegari. Makon jiya aka bugo mini waya cewa ya rasu a asibiti. Na je jana'izar, mu shida ne har da limamin cocin. Littafin ya tsaya a Bida, bai iso Minna ba, kuma ba zai iso ba.

Yanzu ina wani ƙaramin ɗaki kusa da wurin aiki. Ina zuwa ina dawowa. Kullum in na ga jar rigar joji sai in ga mayafin Kaka. Kada ki ɗauka wannan ya warware komai. Shi ya sani bai tausaya ba. Ni ma na san kunya ce, tun ina yaro na sani, amma sanin bai taɓa hana ni jin zafin ba. A nan wanda yake kirana ya mutu, kuma gara da ya mutu. A can ban san ko akwai mai kirana ba.

Ban yanke komai ba. Ki yi mini addu'a.
Mudi.

*

Tunga, Minna
Nuwamba, 1981

Gaisuwa.

Abin da na riƙe shekarun nan ya faɗi. Allah ya bi wa Iya da Yaya hakkinsu. Ba zan ƙara ambaton mutumin nan ba.

Iya ta jira sai da jirgi ya tashi. Ni ba zan jira ba.

Jiya na ce wa Malama Rebecca ta bar ambulan ɗin, ni zan rubuta bayansa. Ta dube ni ta ce, "Maman Lailatu, kin san abin da ake fara rubutawa a can?" Na ce na sani. Haruffa huɗu ne, duk na iya su tuntuni, ban dai taɓa jera su ba. Ka yi haƙuri da yadda suka fito.

Mudi.

Na kuma faɗe shi da baki, a tsakar gida, Lailatu tana wanke-wanke har kwano ya suɓuce mata.

Mudi, ɗana ne kai, ba ɗan kowa ba. In an tambaye ni gaban kowane joji haka zan ce.

Mudi, ka dawo gida. Zan zo tasha, zan tsaya a gaba.

Innarka,
Rabi'atu.