Waƙar Goggo a Bakin Turmi

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin Amurka? Ya maigidan da yara? Mu nan Likoro lafiya lau, an fara karyar masara.

Littafin waƙoƙin baƙaƙen matan can da kika aiko ya tayar mana da ƙura. Muna ɓare masara ina fassara wa Goggo. Da na kai inda ake raina mace don baƙar fatarta, ta ce, "Ba su san baƙar tukunya ke fitar da farin tuwo ba?" Da na karanta wadda ke yi wa maza tsiya kan yanke shawara ba mata, sai ta taɓe baki: "Wannan ai waƙar daka ce. Har sai an je jami'a?"

Jiya ƙaninta Baffa Sale ya tara maza a zaure kan inda za a haƙa sabuwar rijiya, ba a kira mace ko ɗaya ba. Goggo ta sa muka jawo turmi jikin bangon zauren, ko ƙwayar dawa babu a ciki, ta kama daka tana rerawa: "Mai gemu bai san nauyin tulu ba, shi ke zaɓa mana hanya." Muka ɗauki amshi. Kafin la'asar Baffa ya leƙo, hula a karkace: "Yaya, don Allah, a ina kuke son rijiyar?"

Ki sa mu a addu'a Allah ya sa a samu ruwa kusa. Ki gaida kowa. Goggo ta ce in matan can sun gaji da rubutu ba a saurare su ba, ki faɗa, a aika musu da turmi.

Ƙanwarki,
Hadiza