Waƙar da Ta Maƙale a Ɗakin Jarrabawa

Zuwa ga ƙanwata, malamar zane, abar alfaharina,

Gaisuwa mai ƙamshi, wadda ta fi turare daɗewa a tufa, tare da addu'ar Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gafarce ni da na kutso cikin hidimominki ba zato. Wanda ƙaya ta soka ba ya duban lokaci kafin ya nemi mai allura. Mu nan jiki lafiya lau, zuciya ce dai ba ta da daɗi.

Maganar 'yata Auta ce. Kin san yadda jarrabawa ke kaɗa mata hanta: karatu ya watse kamar tsuntsayen da aka jefa wa dutse. Da kika aiko mata da fenti, kika ce ta riƙa zana darasinta da hannunta, sai na ture shi gefe, na ce ai gidan mai waƙa irina ba ya rasa magani. Na zauna a teburin falo na mayar mata da ilimin halittu baitoci, ɗakunan zuciya da hanyoyin jini duk na ɗaure su da amsa-amo. Ta haddace tsaf. Tana wanke-wanke tana rerawa, mahaifiyarta na amshi, tana tsokanata wai saura in waƙe lissafi a kira makaɗa.

Abin da ban hango ba shi ne, ɗakin jarrabawa ba ya ƙaunar murya. Ta ce tambayar zuciya ta fito, amsar kuwa tana can tsakiyar waƙar, kuma ba ta iya isa gare ta sai ta faro daga baitin farko. Ta soma rerawa ƙasa-ƙasa, mai sa ido ya ƙwanƙwasa mata tebur. Ta sake, ya ce in ta kuma zai fitar da ita. Daga nan komai ya ɗauke mata. Sunanta kaɗai ta rubuta ta miƙa.

An ba ta dama ta ƙarshe ta sake zama, amma ta rantse ko ƙofar ɗakin jarrabawar ba za ta kalla ba. Na ba ta haƙuri, sai ta ce ba laifin waƙata ba ne, kanta ne rariya. Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Gidan ya yi tsit, ko a bakin famfo ba a jin muryarta. Fentinki na nan bisa kabad, ƙura ta rufe marfinsa.

Ki gaida Gwaggo da 'yan biyu, da Kawu in ya leƙo. Na so in rufe da baiti yadda na saba, hannuna ya ƙi. Don Allah ki rubuto da gaggawa, ki faɗa mini ta ina ake fara zanen nan, da kuma yadda uba ke miƙa shi bayan shi ya ture shi gefe.

Naki,
Yayanki