Jinkirin Dattijo

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya ƙarfin jiki? Yaya Umma da ɗawainiya? Na zaɓi rubutu ne don na san waya tana gajiyar da kai tun da ciwon nan ya taɓa harshenka.

Baba, gyara zama ka sha labari. Kamfaninmu ya samu aikin sabunta manhajar ɗakin kati na asibitin da ka yi aiki, kuma ni aka ɗora a kai. E, taka, wadda ka rubuta ina rarrafe! Tana nan yadda ka bar ta, baƙin allo da korayen haruffa, ma'aikata suna ce mata Dattijo. Na'urar da take ciki nishi take yi kamar tsohon injin niƙa, kayan gyaranta sun ɓace a kasuwa, yaren da ka rubuta ta da shi kuwa duk ofishinmu ba mai jin sa sai ni, ni ma albarkacin zama kusa da kai. Zan kwashe bayanan marasa lafiya, in sake rubuta komai da yaren zamani, sannan in kashe Dattijo da hannuna. Wallahi wannan na ƙarshen ne ya tsaya min a rai.

Amma Baba, wace irin rowa ce ta sa ka ba shekara gurbin lamba biyu kacal? A gwajin farko wani jariri ya fito ɗan shekara ɗari. Mun yi dariya har da hawaye.

Ka gaishe min da Umma. Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarka,
Gaggawa

*

Zuwa ga Gaggawa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jiki alhamdulillahi. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun hagu ne, sai ka ce kaza ta yi tono a takardar.

Ni kike ce wa marowaci? Ƙwaƙwalwar na'urar wancan zamanin ba ta kai ta agogon hannunki ba, kowane harafi sai da na yi ciniki da shi kafin in ba shi wuri. Ki gaishe min da jaririn, ki ce tsaransa yana gaishe shi.

Dattijo kuwa, kashe shi, kada ki ji komai. Ya yi iya nasa, kuma gara ɗiyata ta sallame shi da a ce baƙo ne. Abu ɗaya dai: kin san dalilin da ya sa na laƙaba miki sunan nan, tun kina ƙarama kike haɗiye abinci da zafinsa. Ki karanta layi kafin ki goge shi.

Sannan wa ya ce miki waya tana gajiyar da ni? Kullum da safe Ummanki tana ajiye min ita a hannun kujera. Kowa yana kira, har mai gyaran famfo. Sunanki ne kaɗai ba ya fitowa.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Maganar waya, aiki ne ya sha min kai, za mu yi ta daga baya.

Na shiga uku da mutanenka! Sabuwar manhajar ta tashi, kati ko ɗaya bai ɓace ba, kafin ka ƙifta ido ta buɗe. Na kira ma'aikata ina ta baza haƙora. Shugabarsu, wadda suke kira Uwar Kati, ta zauna, ta saukar da tabarau, ta danna, sai ta ture kujera baya ta ce, “Wannan yaron naku ba shi da tarbiyya. Ba ya gaisuwa.”

Sai a lokacin na tuna cewa in an kunna Dattijo yakan rubuta “Ina kwana? Yaya gajiya?” Na ce abu mai sauƙi, na sa gaisuwar. Washegari ta sake gwadawa, ta ja tsaki. “Ya gaishe ni ya wuce kafin in buɗe baki. Wannan ai gara ya yi shiru.” Yanzu duk sun koma wa Dattijo, tawa tana gefe kamar kujerar da ba mai zama, shugabana kuma yana ta tambayar yaushe za mu miƙa aiki.

Na koma cikin rubutunka. A ƙarƙashin gaisuwar akwai wani layi da ka sa wa suna JIRA. Ba ya lissafi, ba ya ɗauko komai, zama kawai yake yi yana ɓata lokaci. Na ɗauka tarkace ne, shi ya sa ban saka shi a sabuwar manhajar ba. To, na ji, ban karanta ba, kada ka yi min dariya. Mene ne amfaninsa?

A gaida Umma.

Gaggawa

*

Zuwa ga Gaggawa,

Wa alaikumus salam. Na yi dariyar, Ummanki ma ta taya ni.

Ba wata hikima ba ce da farko. Na'urar ce mai nauyin jiki, sai na sa gaisuwa don kada mutane su ƙosa kafin ta buɗe. Da aka sayo mai sauri, gaisuwar ta koma walƙiya. Wata safiya ina wucewa na ji Uwar Kati, lokacin tana sabuwar ma'aikaciya, tana cewa “lafiya lau” alhali allon ya riga ya wuce. Abin ya ba ni tausayi, na zauna na rubuta JIRA. Wanda ya gaishe ka bai tsaya jin amsa ba ai bai gaishe ka ba.

Yanzu bari in faɗa miki wadda kika ce sai daga baya. Ranar da kika kira ni bayan an sallamo ni daga asibiti, kin ce, “Baba, yaya jiki?” Amsar tana bakina, ina jawo ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Ta kusa fitowa kika ce, “To Baba, ka huta,” kika kashe. Na san shiruna ne ya tsorata ki. Ba zafi nake ji ba, ɗiyata, ba kuma gajiya ba. Maganganuna suna nan cif, ko ɗaya bai ɓace ba, buɗewar ce take ɗaukar lokaci. “Da sauƙi” nake so in ce miki, har yau tana nan ban ba kowa ba.

Ina kewar muryarki ƙwarai.

Babanki

*

Baba,

Assalamu alaikum. Na mayar da JIRA, da sunansa. Yau da safe Uwar Kati ta ce wa allon “lafiya lau, sai godiya,” ta ci gaba da aikinta. Ita ta riƙe min hannu muka kashe Dattijo.

Zan kira ka ranar Asabar bayan la'asar. Zan ce yaya jiki, in yi shiru. Kada ka yi sauri, Baba, ba inda za ni.

'Yarka