Zanen da Tumaki Suka Koya Mini

At-Bashi, 20 ga Satumba

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Apa, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da gwiwar nan taki, da mutanen Kochkor baki ɗaya. Mu nan sai godiya. Surukinki Esenbek yana can kan tsauni da tumaki, yara sun koma makaranta. Na rubuto ne tunda kin ce waya ba ta kawo miki komai sai ƙara a kunne.

Labarin ba daɗi. Burul-eje, shugabar ƙungiyarmu ta masu ɗinkin dardumar shirdak, ta faɗi ranar Juma'a, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Baki ya dawo, hannu bai dawo ba. Mu tara ne, kowa da aikinta, amma ita kaɗai ke zane a kan kiyiz, dannannen ulun nan mai kauri kamar bargo, ta yanka. Shekara talatin ba wadda ta taɓa allin nan sai ita. Kiyiz ɗin bana kuwa mun gama shi: mun shiɓe ulun, mun baza a asabari, mun kwarara ruwan zafi da sabulu, mun naɗe mun tattaka har ƙafafunmu suka kumbura. Ga shi can jibge, baƙi da fari da ja, babu mai zane. Mata uku har sun fara zancen tafiya birnin Bishkek jiran shago. In suka tafi, ƙungiya ta watse.

Jiya muka je duba ta, sai ta nuna ni da haɓa, wai ni zan zana babbar dardumar da za mu kai gasar bikin baɗi. Sayra, mai bakin nan, ta tuntsire da dariya, ta ce ni da ko burodina ba ya fita a zagaye. Ban ji haushi ba, gaskiya ta faɗa. Ni mai allura ce, Apa. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Ulkan

At-Bashi, 18 ga Oktoba

Apa,

Gaisuwa da fatan alheri. Zumar da kika aiko ta iso, Allah ya ƙara girma. Yaya sanyi a wajenku?

Sau uku ina kai wa Burul-eje zane, sau uku tana goge shi da hannun rigarta na hagu. Tsoffin dardumanta na riƙa dubawa ina kwaikwayo, ƙahon rago a nan, farcen tsuntsu a can. A na ukun ta dube ni ta ce, "Wannan nawa ne, na san shi. Ina naki?" Na tambaye ta a ina ake samun zane. Ta ce ita nata na farko a bayan mijinta ta gan shi, inda gumi ya bushe a riga. Na koma gida ina kuka, ina ganin tsohuwar ta mai da ni abin wasa.

A makon ne Esenbek ya aiko in hau in taya shi kwance bukka, don za a sauko da garke. Da safe muka tashi dusar ƙanƙara ta farko ta rufe ko'ina. Ina kan tudu riƙe da linzamin goɗiya, shi yana ƙasa yana koro tumaki ɗari huɗu, baƙaƙe wuluk a kan farin fili. Akwai wani ƙaton dutse a tsakiyar kwarin. Da suka iso shi sai suka rabu biyu, kowane reshe ya lanƙwasa ya nannaɗe, na baya suna tura na gaba, sannan suka sake haɗewa. Abin da ya tsayar da ni, Apa, shi ne farin da ke tsakaninsu. Shi ma lanƙwasa yake yi, daidai da baƙin, kamar da wuƙa ɗaya aka fitar da su.

Na saki linzami, na zazzage buhun gari, na zana a bayansa da gawayi. Goɗiya ta yi gaba da tukwanenmu. Esenbek ya bi ta yana faɗa, wai ya auri mace ta koma mai duban tumaki kyauta.

Da na shimfiɗa buhun gaban Burul-eje, ta bi zanen da yatsa har ƙarshensa. Sai ta ce in buɗe akwatinta in ɗauko wuƙarta ta yankan kiyiz. Na ɗora baƙin kiyiz a kan fari, na zana da alli, matan duk sun kewaye ni. Kin san in wuƙa ta kauce, ulun shekara ya tafi. Sayra ta danne mini gefen da gwiwarta ta ce, "Yanka, 'yar nan, tumakin ba su mutu ba, za su sake yin gashi." Na yanka su biyun tare. Da muka musanya gutsattsarin, baƙi ya zauna cikin fari ba ko tazarar zare.

Ki gaishe da maƙwabta.

Ulkan

At-Bashi, 29 ga Yuni

Apa, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Mun ci, Apa! Darduma sittin da ɗaya aka shimfiɗa a filin bikin, tamu ta zo ta ɗaya.

Duk hunturu muna kanta. Matan nan uku sun ce bari su ga ƙarshen abin kafin su tafi, allura kuwa ta riƙe su har bazara. Ranar bikin muka ɗauko Burul-eje a kan kujera, muka aje ta kusa da dardumar. Alƙalan tsofaffin mata ne uku. Suka kife dardumar, suka bi ɗinkin da farce, suka ja gefe, ba wadda ta yi murmushi. Ana cikin haka wani dattijo makiyayi, wanda ban taɓa gani ba, ya tsaya a gaban dardumar ya dogara da sandarsa. Can ya ce da matarsa, yadda kowa zai ji, "Waɗannan tumaki ne, kuma gida suke so." Ban gaya wa kowa a filin nan abin da na zana ba.

Da aka kira sunan ƙungiyarmu, Sayra ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi, tana gaya wa jama'a ita ta fara gano baiwata. Babbar alƙaliyar ta zo ta gaishe da Burul-eje, tana yaba mata wannan sabon salo nata. Tsohuwar ta girgiza kai ta ce, "Ba hannuna ba ne. Ga mai shi nan, tana ɓuya bayan mutane kamar amarya." Aka jawo ni gaba. Sai hawaye kawai.

Kyautar injin shiɓar ulu ce, yana can ɗakin aikinmu, har daga ƙauyuka ana zuwa kallonsa. Ba wadda ta ƙara zancen Bishkek, kuma mata huɗu sun nemi shiga cikinmu. Esenbek ya yanka rago, yana ta ce wa baƙi ai tumakinsa ne suka ci gasar.

Kin san yanka ɗaya tagwaye yake haifa, darduma biyu ke fitowa. Wadda ta ci za a rataye ta a ɗakin aiki. 'Yar'uwarta, mai farin garke a kan baƙin fili, matan suka ce tawa ce, ni kuma na ba direban da ya kawo miki takardar nan. Kada ki naɗe ta ki ɓoye a akwati. Ki shimfiɗa ta inda baƙi ke zama shan shayi, in matan Kochkor suka tambayi wa ta zana, ki faɗa musu da ƙarfi.

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya mai kewar uwarta.

Taki har kullum,
Ulkan